Littafin girkin Doris a madafarmu: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa. Akwai wani littafin girki na Turanci da ya shekara sama da arba'in a ƙasan akwatin Mama, tsakanin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai ranar babban biki. Sunansa More-with-Less Cookbook, wato a ci moriya mai yawa da abu kaɗan. Doris Janzen Longacre ce ta rubuta shi, aka buga a Amurka a 1976. Wata Baturiya malamar makaranta da Mama ta yi wa aikin gida a nan Jos ce ta ba ta shi ranar da za ta koma ƙasarsu. Mama ba ta karanta Turanci, Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi su ne karatunta, amma ta riƙe kyautar nan kamar amana. Yau da gobe ba ta bar kome ba: takardun sun yi ja, bangon baya ya rabu da zobban ɗaurin, kuma akwai tabon mai a wasu shafuka tun daga hannun mai shi ta farko.

Girke-girke kusan 500 ne a ciki. Na zaɓi 30. Zan dafa kowanne, in mai da awonsa zuwa irin namu, in rubuta yadda na yi da Hausa a littafin rubutu mai kauri, in kai wa zumuntar matan ikilisiyarmu bayan Ista. Na ɗaura wa kaina sharaɗi uku. Ba zan sayi kome ba sai abin da ake samu a kasuwannin Katako da Farin Gada. Ba zan taɓa tandar lantarki ba, tunda yawancin matanmu ba su da ita. Kuma babu girkin da zai shiga littafina sai Mama ta ɗanɗana ta ce to.

Laraba, 15 ga Janairu

Awo kawai na yi yau. Kofin Amurkawa yana cin kusan mililita 240, wato kimanin gwangwanin madara ɗaya da rabi. Babban cokalinsu mililita 15 ne, ƙarami 5. Fam ɗaya giram 454, rabin kilo ne da ɗan ragi. Zafin gashi kuwa da ma'aunin Farenhait suke faɗa, 350 ɗin da ke ta maimaituwa ya kama kusan 180 a ma'aunin da muka sani. Mai gasawa a tukunya da yashi a kan gawayi ba ta da ma'auni ko ɗaya, don haka na gwada wata dabara: idan yashi ya yi zafi, in barbaɗa ɗan fulawa a murfin gwangwani in ajiye a ciki, in ya soma yin ruwan ƙasa cikin 'yan mintuna ba tare da ya ƙone ba, wuta ta yi daidai. Na rubuta wannan a shafin farko.

Asabar, 25 ga Janairu

Ban dafa kome ba a makon nan, karatu ya riƙe ni. Kafin a kai ga girki akwai shafuka masu yawa na bayani a farkon littafin, kuma a nan ne na gane abin da nake riƙe da shi.

Doris 'yar ɗariƙar Menonayit ce, Kiristocin da tushensu ya fito daga Turai a ƙarni na 16, aka sa musu sunan wani limami ɗan Holan, Menno Simons. An san su da ƙin ɗaukar makami da kuma sauƙin rayuwa. Ƙungiyarsu ta agaji, wadda ake kira MCC a taƙaice, an kafa ta a 1920 don kai abinci ga 'yan'uwansu da yunwa ta addaba a kudancin Rasha, inda yake Yukren a yau. Ke nan mutanen da suka san yunwa ne a tarihin gidansu. A 1974 ƙungiyar ta roƙi iyalan ikilisiyoyinta a Amurka da Kanada su rage kashi 10 cikin 100 na abin da suke kashewa a kan abinci. Mata suka ce sun yarda, amma ta yaya? Amsar tambayar nan ce littafin. Doris ta yi shela a jaridun ikilisiya, mata da maza suka yi ta aiko da girke-girkensu daga gonakin Kansas da Fensilbaniya da kuma ƙasashen da ma'aikatan agajinsu ke zaune, aka gwada, aka tace. Shi ya sa a ƙarƙashin kowane girki za ki ga sunan wadda ta aiko da garinsu.

Abin da ya tsayar da ni shi ne dalilin roƙon. A shekarun nan hatsi ya yi tsada a duniya baki ɗaya: girbi ya lalace a ƙasashe da dama a 1972, Tarayyar Sobiyat ta kwashe alkama mai yawa daga Amurka, man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973 ya ja taki ya bi shi. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taron abinci a birnin Rum a watan Nuwamba na 1974. Cikin hotunan da suka girgiza waɗannan Kiristoci akwai na yankinmu. Farin da ya fara tun ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1972 da 1973, ya cinye amfanin gona da dabbobi daga Sanagal har Chadi, da Nijar da arewacin Nijeriya a tsakiya. A Nijar ma yadda aka yi da abincin agaji na cikin dalilan da sojojin Seyni Kountché suka bayar lokacin da suka kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974.

Da dare na zauna kusa da Mama ina fassara mata. Ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce, "Ashe saboda mu aka yi shi?" A shekarar farin tana amarya a ƙauyensu ta wajen Malumfashi. Ta ce gero ya fito kai ya bushe a tsaye. Ta ce Buzaye da Fulani sun yi ta gangarowa daga arewa da 'yan shanun da suka rage, ana sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhun dawa ba. Kakata takan auna tsaba da tafin hannu, ta ƙara dusa, ta cika tukunya da tafasa da rama da zogale. Yara ake fara zuba wa, sai maza masu zuwa gona, matan gida su kankare ƙanzo. Shekara arba'in ina tare da Mama ban taɓa jin wannan labari da tsawo haka ba.

Na ce, "Mama, kin san abin da ke cikin littafin nan da kika ajiye?"

Ta ce, "Ina zan sani, 'yata? Na dai ga matar nan ba ta zubar da abinci. Ko ruwan dafa dankali sai ta ce in ajiye mata."

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Girki huɗu sun shiga littafina. Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne na Masar da suke kira kushari: shinkafa da adas, miyar tumatir mai ɗan yaji a kai, sai soyayyiyar albasa da ta yi ja sosai. Adas wani ƙaramin wake ne mai faɗi, a manyan kantuna kaɗai ake ganinsa a nan, kuma kuɗinsa ya karya sharaɗina. Na sa farin wake a madadinsa, na fara dafa shi rabi kafin in zuba shinkafa.

Da na kai wa Mama ta kai loma biyu ta dube ni. "Wannan ai garau-garau ne aka yi masa kwalliya." Gaskiyarta. Bambancin kawai albasar, kuma albasar ta cancanci wahalarta: manya uku na yanka siri-siri, na soya a wuta kaɗan kusan minti 20 har suka yi zaƙi. Yara sun cinye tas, autana har da neman ƙari.

Doris ta ɓata shafuka tana koya wa mutanenta abin da ke cikin wannan kwano. Hatsi yana da sinadarin gina jiki amma da giɓi a cikinsa, wake da gyaɗa su ma da nasu giɓin ta wani gefe, idan aka haɗa sai kowanne ya cike na ɗan'uwansa, jiki ya samu abin da zai samu a nama. Ta yi jadawali a kan haka. A zamaninta ana cewa dole a haɗa su a ci ɗaya, daga baya masana suka ce ko a cikin yini aka ci su ya wadatar. Ni dai ina karantawa ina lissafa shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosai da koko, kunun gyaɗa, tuwo da miyar taushe mai gyaɗa, fura da nono. Iyayenmu sun riga jadawalin isowa. Na ƙudura zan rubuta wannan bayani da Hausa mai sauƙi a littafina, domin akwai matan da ke jin kunyar a ce wake suka dafa wa baƙo, kuma bai kamata ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Burodi ya ƙi. Na gwada wanda ake fara dama garin masara a ruwan zafi kamar talge, a bar shi ya huce, sannan a zuba yis da fulawa da garin alkama. Akwai garin wani hatsin ƙasashen sanyi a ciki da ba mu da shi, na sa garin acca. Sanyin Jos ya hana ƙullin tashi, na gaji da jira na gasa, ya fito da nauyi kamar tubali. Zan sake, amma da rana tsaka, in rufe kwanon da bargo kusa da murhu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Burodin ya yi a karo na uku. Awa biyu ƙullin ya ɗauka kafin ya ninka, minti 50 a tukunyar yashi da garwashi kaɗan a kan murfi. Accar ta ba shi ɗanɗano mai daɗi, kuma ya kwana uku bai bushe ba. Girki 13 ke nan.

Yau kuma na dafa miyar gyaɗar da littafin ya ce ta Afirka ta Yamma ce. Na yi ta yadda aka rubuta don in yi mata adalci: naman sa da aka birkiɗa a fulawa aka soya, albasa da yawa, tumatirin gwangwani, gyaɗar ƙamshi, sai niƙaƙƙiyar gyaɗa a ƙarshe. Tana da daɗi a kan shinkafa. Amma babu daddawa, babu ganye ko ɗaya, kuma naman da aka ce a sa zai yi mana miyar mako guda. Mama ta ce miyar mai kuɗi ce. A littafina na rubuta ta da kashi ɗaya cikin huɗu na naman, na ƙara kabewa da alayyahu da daddawa, wato na mai da ita gida.

Dole in faɗi inda littafin bai yi mana ba. Abin da ke da araha a wurinsu a 1976 shi ne mai tsada a wurinmu yau. Inda ta ce a rage nama, sau da yawa cukun Turawa ko madarar gari ko ƙwai ne ke maye gurbinsa. Girke-girke da dama sai an jera su a faranti an gasa a tanda, wasu kuma ana so a dafa da yawa a daskarar a firji, alhali mu wuta takan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Girki shida na cire daga jerina saboda haka na musanya da wasu. Ban ga laifinta ba. Ta faɗa tun farko cewa da mutanenta take magana, masu cin abin da ya wuce kima. Ta kawo lissafin da ake yi a lokacin, cewa mutum ɗaya a Arewacin Amurka yana cinye hatsi kusan fam 2,000 a shekara, mafi yawansa ta hanyar abin da aka ciyar da dabbobin da yake cin namansu da madararsu da ƙwansu, yayin da mutumin ƙasashe matalauta ke rayuwa a kan kusan fam 400 da yake ci kai tsaye. Kilo 900 da kilo 180 ke nan. Ba ta kuma yi da'awar cewa in Ba'amurke ya bar tsoka ɗaya tsaba za ta faɗo a kwanon wani a Damagaram ba. Ta san akwai siyasa da ciniki a tsakani. Abin da ta tsaya a kai shi ne mai bin Almasihu ba zai ce ba ruwansa ba, kuma madafa ce wurin da yake da iko a kai kowace rana.

Alhamis, 6 ga Maris

Jiya muka shiga kwana arba'in na azumi kafin Ista, maƙwabtanmu Musulmi kuma yau suna rana ta shida a Ramadan. Da magariba Hajiyar gidan da ke jikin namu ta aiko da kunun tsamiya da ƙosai kamar yadda ta saba kowace shekara, na mayar da kwanon da rabin burodin acca. Da safe ta leƙo ta katanga tana tambayar yadda aka yi shi. Na ce in na gama rubutawa zan ba ta ta kwafa.

A ƙarshen sassan littafin akwai ɗan gurbi da Doris ta keɓe wa ragowar abinci, ta ɗauko sunansa daga Yohanna 6:12, inda bayan an ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu Yesu ya ce wa almajiransa su tattara gutsattsarin da ya rage kada kome ya lalace, suka cika kwando goma sha biyu. Tun ina makarantar Lahadi na san ayar, kullum hankalina yana kan yawaitar gurasar. Ban taɓa tsayawa a kan cewa wanda ya iya yawaita ta shi ne ya ce kada a zubar ba. A gurbin nan tana faɗin abin da za a yi da busasshen burodi, da ragowar shinkafa, da ƙashin kaza, da ruwan dafa ganye.

Na rufe littafin na je na buɗe bokitin sharar madafata. Shinkafar shekaranjiya da ta yi tsami, rabin kabeji da ya yi baƙi, gefen burodin shago da yara suka ƙi, ledojin taliyar yara guda biyar, robobin lemo uku. Tun watan Janairu nake karanta littafin nan a matsayin jikar waɗanda aka tausaya wa, ina jin daɗin cewa mu muka riga su sani. Jiya na ga cewa ni ma'aikaciya ce mai albashi a birni, 'ya'yana sun fi son shayi mai sukari cokali uku a kan koko, kuma rabon da in yi ɗumame tun bara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake kukan tsadar mudu tare da kowa, ga abin da nake zubarwa. A layinmu akwai gidajen da ake ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Doris da ni take magana.

Na ƙara sabon sashe a littafina wanda babu shi a tsarin farko, kuma Mama ce malamarsa: ɗumamen tuwo, kwaɗon ƙanzo da ƙuli-ƙuli, yadda ake shanya ragowar tuwo a daka a dama, faten da ake yi da ragowar doya, da yadda ake tafasa miya dare da safe ta kwana uku ba firji. Tana faɗa ina rubutawa, har ƙarfe goma sha ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Girki 21. Makon waken suya ne. Littafin yana da sashe guda a kan wake iri-iri, kuma waken suya ya samu babban gurbi saboda yawan sinadarin gina jikinsa. Sai dai hanyarsu ita ce a jiƙa a dafa shi awanni ɗungurungum kamar sauran wake, gawayin da ya ci ya fi ƙarfin ribarsa. Awararmu ta fi wannan dabara nesa ba kusa ba: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse. Dusar ma ba a yar da ita, na zuba ta a ƙullin burodi ta shige. Na bar girki ɗaya nasu na waken suya, na sa awara biyu.

Na kuma nemi labarin matar da kanta. An haife ta a Kansas a 1940, ta karanta ilimin kula da gida da abinci a kwalejin Goshen ta ɗariƙarsu. Ita da mijinta Paul sun yi aikin agaji a Biyetnam daga 1964 zuwa 1967, ana tsakiyar yaƙi, daga baya kuma a Indunisiya. Shi ya sa soyayyiyar shinkafar ƙasashen nan ta shigo littafin. 'Ya'yansu mata biyu. Littafin ya sa sunanta ya zaga ikilisiyoyi har ya fita wajensu, an sayar da ɗaruruwan dubbai, ana ta sake bugawa har aka yi bugun cika shekara 25 da na cika 40, kuɗin marubuci kuma aikin agajin MCC yake tafiya. Amma ita ba ta ga yawancin wannan ba. Ciwon daji ya kama ta, ta yi fama da shi sama da shekara uku, ta rasu ranar 10 ga Nuwamba, 1979, tana da shekara 39. Tana kan rubuta littafi na biyu, Living More with Less, wanda ya faɗaɗa maganar zuwa sutura da gida da kuɗi da tafiye-tafiye. Mijinta ne ya ƙarasa shi, ya fito a 1980.

Na girme ta yanzu da shekara biyu. Da na gaya wa Mama, ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta ce, "Yarinya ce ashe. Allah ya ji ƙanta, ya raya abin da ta bari." A addu'ar dare ta sa 'ya'yan matar nan biyu, waɗanda yanzu sun kusa zama tsofaffi.

Litinin, 24 ga Maris

Girki 24 cikin 30, ban da sashen Mama da ya kai guda tara. Jiya bayan sujada na nuna wa shugabar zumuntarmu littafin rubutun. Ta karanta shafin awo da na wake da hatsi a tsaye, ta ce, "'Yar'uwa, kada ki jira Ista ta wuce, ki kawo mana ranar Alhamis ta sama, mu dafa biyu a harabar coci kowa ta gani." Ta kuma ba da shawarar da ban yi tunaninta ba, cewa kowace mace ta zo da girki ɗaya na lokacin wuya da ta koya wurin uwarta, a rubuta da sunan garinsu a ƙasa kamar yadda Doris ta yi. Muna da Birom da Angas da Tarok da Bura da mu Hausawa a zumunta ɗaya, kowa da abin da ya ci ya rayu.

Abin da ya rage mini: miya biyu, gauraye-gaurayen hatsi na karin kumallo da nake so in gwada da gero da gyaɗa da riɗi, wainar fulawa da garin alkama, adana tumatir tunda yanzu ne yake araha a Farin Gada, da sabulun da ake yi da ragowar kitse, wanda sai na samo safar hannu kafin in taɓa sodar. Bangon littafin ma yana jiran gyara. Na kai wa wani mai ɗaurin littattafai a Terminus, ya ce in dawo Juma'a, zai nemo zobban da suka yi daidai da ramukan.